Wa ke zaɓen fagen da manyan 'yan dambe za su gwabza?

Mai son damben boksin a Paraku ko Zugu ya saba haƙura da barci. In a Las Vegas za a yi karawar, ƙarfe 9 na darensu ya yi daidai da wajen 5 na asuba a nan, sai ka ga ana kiran salla wasu na gidan kallo ba su motsa ba. In a Riyad ne da sauƙi, zuwa tsakar dare an tashi. Ƙorafin da ake yawan ji a zango shi ne: yaushe za a kawo irin wannan dambe gida Afirka? Ƙorafin ya ƙara ƙarfi a watan Maris na 2024, lokacin da Anthony Joshua, wanda tushensa Shagamu ne a Najeriya, ya haɗu da Francis Ngannou ɗan Kamaru. Ƙasashen biyu iyakarsu ɗaya, amma a Riyad aka shata musu fage.

Gaskiyar maganar ba ta da daɗi. Ba garin ɗan dambe ake dubawa ba, ba kuma yawan masoyansa ba. Ana duba wanda zai ajiye kuɗi tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya, sannan a duba agogon waɗanda za su biya su kalla a talabijin. Duk sauran bayani ado ne.

Kinshasa ce hujja mafi girma, domin ita ce muke alfahari da ita. A 1974 Don King ya yi wa Muhammad Ali da George Foreman alkawarin dala miliyan 5 kowannensu, alhali ba shi da su. Gwamnatin Mobutu Sese Seko ce ta tsaya wa al'amarin, saboda shekara uku ke nan da ya sauya wa ƙasar suna zuwa Zayar, yana son duniya ta iya faɗin sunan. An sa rana 25 ga Satumba, sai Foreman ya tsage a gira wajen atisaye, aka ɗage zuwa 30 ga Oktoba. Bikin kiɗan da aka shirya don rakiyar damben, wanda James Brown da Miriam Makeba suka halarta, haka ya gudana a Satumba ba dambe. Ɗagewar kuma ta kai su bakin damina, ga fili a buɗe. Allah ya taimaka, sai bayan Ali ya kashe Foreman a turmi na takwas ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne lokacin da aka buga ƙararrawar farko: ƙarfe 4 na asuba. Mutum kusan dubu 60 suka kwana a filin wasa mai suna 20 ga Mayu domin mutanen New York su kalla ƙarfe 10 na dare, bayan sun ci abinci. Agogon Kinshasa ɗaya yake da na Paraku, a lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahome ƙarƙashin Mathieu Kérékou. Ke nan ko ranar da aka kawo damben Afirka, 'yan Afirka ba su yi barci ba. Ƙasar ta ba da fili da kuɗi, lokacin kuwa na wasu ne. Haka aka yi wa Manila a 1975, inda Ali da Joe Frazier suka dambata da hantsi cikin zafi mai narka mutum.

Shi ma wurin kansa yakan yi hukunci. A Afrilun 2001 aka kai Lennox Lewis da Hasim Rahman garin Brakpan kusa da Johannesburg, tudu mai tsayin kimanin mita 1,600, inda iska ba ta ƙosar da huhun baƙo. Rahman ya iso da wuri ya saba. Lewis ya tsaya ɗaukar fim a Las Vegas, ya makara. Turmi na biyar ya sha ƙasa, kambunsa ya tafi. Wannan ma da asuba aka yi shi.

Ga duk kantoma ko attajirin da ke mafarkin jawo babban dambe don garinsa ya yi suna, labarin Shelby ya isa. Ƙaramin gari ne a jihar Montana ta Amurka da aka samu man fetur kusa da shi, kan manyan garin ya kumbura. A 1923 suka yi wa Jack Dempsey alkawarin dala 300,000 ya zo ya kare kambunsa da Tommy Gibbons ranar 4 ga Yuli. Suka gina fagen katako na mutum wajen dubu 40. Waɗanda suka sayi tikiti ba su kai dubu 8 ba. Manajan Dempsey ya kwashe abin da ya samu ya hau jirgin ƙasa, bankunan garin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Saudiyya ta fi ƙarfin irin wannan faɗuwa, shi ya sa ta gaje harkar. A 2019 ana ta ambaton Cardiff da New York don ramuwar Joshua a kan Andy Ruiz, sai ga ta a Diriyya ranar 7 ga Disamba, a fagen wucin gadi na mutum 15,000 da aka kafa cikin 'yan makonni. Kwatanta da Wembley, inda mutum 90,000 suka kalli Joshua da Wladimir Klitschko a 2017. Kujerun sun ragu ninki shida, kuɗin sun ƙaru. Daga nan Jidda ta karɓi Joshua da Oleksandr Usyk a 2022, Riyad ta karɓi Usyk da Tyson Fury a Mayun 2024. Masu biya ba ribar ƙofa suke nema ba, suna suke saye, kamar dai Mobutu, sai dai aljihunsu ya fi nasa zurfi.

Afirka ta Yamma ta taɓa ɗanɗanawa, ko da yake ba a ajin masu nauyi ba. Ranar 10 ga Agusta 1963 Dick Tiger ya kare kambun duniya na matsakaita nauyi a hannun Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan, nan ma da kuɗin gwamnati.

To ina Paraku da Zugu a wannan lissafi? Babu su, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Ko Kwatano mai tashar jiragen ruwa da babban filin jirgin sama ba ta cikin jerin. Amma garuruwan nan biyu ba baƙin tara jama'a ba ne. Zugu zango ce a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, tun kafin Bature ya ja layin iyaka. Paraku kuwa nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya, nan aka saba sauke kaya a loda wa manyan motoci su nufi Malanbil da Gaya. Gari mai masauki da mahauta da makaɗa da 'yan kamasho ya riga ya mallaki rabin abin da taron wasa ke bukata.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana tsallaken kogi. Tun 1975, lokacin da aka fara kokawar takobi a Tawa kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, Nijar ta warware rigimar masauki da hanya mai sauƙi: karɓa-karɓa. Kokawar takobi tana zagaya jihohi, kowace ta turo 'yan kokawa goma, kowace ta san wata rana layi zai zo kanta. Ba a gwanjon fage, ba kuma wanda ke tambayar ƙarfe nawa ne a New York. Da rana ake yi, a sanyin bayan kaka, lokacin da manomi ke da 'yan kuɗi a aljihu. Filin da aka gina kuma yana nan bayan baƙi sun watse. Damben gargajiya ma a kan wannan tsari ya tashi: bayan girbi 'yan dambe su bi gari gari da makaɗansu, a shata da'ira a dandali.

Tsakanin Paraku da Zugu tafiyar kimanin kilomita 130 ce, ga Nikki da Kandi da Malanbil. Gasar dambe ko kokawa da za ta riƙa zagaya waɗannan garuruwa ba ta fi ƙarfin ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar auduga ba. Wahalar tana wajen baƙi. Taron ba zai yi armashi ba sai an ga 'yan Doso da Sakkwato da Kabi a fage, kuma rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna cewa wannan ba a hannun kantoman Paraku yake ba.