Kafin Ka Cike "Likitanci" a Fom ɗin JAMB

A makarantar sakandare ta Nagarta ko ta Sultan Bello a Sakkwato, in ka tambayi ɗan ajin kimiyya me yake son zama, da wuya ka ji wata amsa ban da likita. Buri ne mai kyau, kuma Sakkwato na da ƙishirwar likitoci, musamman mata. Amma ɗalibai da yawa farar riga kawai suke hange, ba su san tsawon hanyar ba.

Ƙofar ma ƙunci gare ta. Sai ka ci Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji da kiredit a WAEC ko NECO, sannan ka sami maki mai tsoka a JAMB. Duk da haka ba tabbas, domin hukumar MDCN mai kula da aikin likita ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, har da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975.

In an dace, shekara 6 ce a takarda. A takarda na ce, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Daga shekara ta biyu ake shiga karatun sassan jikin ɗan Adam, kuma da gawa ake koyonsa, da hannunka za ka yanka. Wanda ganin jinin ragon layya ke sa masa jiri, ya yi wa kansa hisabi tun yanzu. Nan kuma jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai take: wanda ya faɗi ya sake, ya kuma faɗi, ana iya sallamarsa ya koma wani fanni, ko da shi ne zakaran ajinsu a sakandare. Haddar dare ɗaya ba ta fid da kowa a nan.

Waɗanda suka tsallake sai su koma zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa na UDUTH, tsayuwa tun safe, ga kwanan aiki. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, wata ta bautar ƙasa, mai son ƙwarewa a tiyata ko ciwon yara ya ƙara biyar ko shida. Kafin ka gama, abokanka sun daɗe da ajiye iyali.

Iyaye, kada a tilasta yaro don a ce da ku baban likita. Haɗa magunguna, jinya, ungozoma da awon jini duk ayyukan ceton rai ne, kuma ana koyar da su a nan jihar, har da kwalejin lafiya ta Gwadabawa.

Kai kuwa ɗana, ke 'yata, ku nemi ɗalibin likitanci na unguwarku, ku zauna da shi ya gaya muku yadda ranarsa take wucewa, sannan ku cike fom.