Waya 99 A Amalanke: Yadda Barkwanci Ke Tona Asirin Masu Bibiyar Wayarka

A watan Fabrairun 2020 wani mai fasaha a Jamus, Simon Weckert, ya fitar da bidiyonsa yana jan ƙaramin amalanke ɗauke da wayoyi 99 a titunan Berlin, kowace an kunna mata Google Maps. Titin fayau yake, amma taswirar ta nuna shi ja, wai cunkoso ne. An sha dariya, kuma darasin ya shiga: wayarka tana kai rahoton inda kake.

Mu a Zamfara mun san nauyin wannan magana. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Duk da haka, har yau za ka ga matashi ya ɗora hoton mota a WhatsApp ya rubuta "mun kama hanyar Tsafe". Ya ba duk mai kallo hanya da lokaci kyauta.

Na sha yi wa abokaina a Gusau dogon bayani, ba mai saurare. Sai na zana sitika: waya mai manyan kunnuwa, na sa mata suna Magulmaciya. A ɗaya, manhajar tocila tana roƙo: "Don Allah ba ni lambobin abokanka, in haska maka hanya." A wata, manhajar bashi tana cewa: "Karɓi dubu biyar, sanar da surukanka kyauta ne." Ƙanina a Bungudu da ya ga ta biyun, ranar ya goge manhajoji uku.

Zanen yana da tushe. Daga 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi na Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, amma wadda aka turo maka ta Xender ba lallai ta bi wannan ƙa'ida ba.

Abin yi yau: shiga saitin waya, buɗe sashen izini, cire kyamara, makirufo da wuri daga duk manhajar da ba ta buƙatarsu. Daga Android 12 zuwa sama, koren ɗigo a saman allo yana nufin ana amfani da kyamara ko makirufo. Hoton tafiya kuwa, bari sai ka sauka.

Da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma dukkanmu mun taɓa danna "na yarda" ba mu karanta ba. In kana iya zane, zana taka Magulmaciyar ka tura wa 'yan gida.