Ta Aljihu ko Mai Canjin Gilashi: Wace Kyamara Ce Ta Dace da Ɗan Rurum?

Da zarar an gama girbi a ƙasar Rano, kuɗin kaka ya shiga hannu, sai lokacin bukukuwa ya kankama. Daga Rurum Sabon Gari zuwa Tsohon Gari, har a gangara Kibiya, da wuya mako ya wuce ba a yi ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani ba. A kowane taro wayoyi ne a sama, kowa yana ɗauka. Amma idan aka zo maganar hoton da za a wanke a saka a firem, a rataye a ɗakin amarya, ko wanda za a buga a kalandar rabo, har yanzu mai kyamara ake nema. Shi ya sa matasa da dama a wannan yanki suke tara kuɗi da niyyar mallakar tasu. Galibinsu kuwa a wuri ɗaya suke cijewa: ƙaramar nan ta aljihu za su saya, ko kuwa ta masu koyo daga cikin kyamarorin zamani da ake kira marasa madubi?

Ta aljihu ita ce wadda ba ta wuce tafin hannu ba, gilashinta a haɗe yake da jikinta. Idan an kunna ya leƙo, idan an kashe ya koma ciki. Irin su Canon IXUS da Sony Cyber-shot ne, waɗanda suka cika gidajen biki kafin wayoyi su ƙwace musu kasuwa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a shekarar 2010 an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, kuma ƙananan ne suka fi jin jiki.

Marar madubi kuwa ƙanwar manyan kyamarorin nan ce da ake gani a wuyan 'yan jarida. Su waɗancan akwai madubi a cikinsu mai tura hoto zuwa idon mai ɗauka, shi ne yake yin ƙaran nan idan an danna. A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda aka cire mata madubin, jiki ya ragu, nauyi ya ragu, amma ana iya kwance gilashin gaba a ɗaura wani. Na masu koyo da aka fi sani a yau sun haɗa da Sony a6000 ta 2014, da Sony ZV-E10 ta 2021, da Nikon Z30 ta 2022, sai Canon R50 da R100 da suka fito a 2023.

Mai shago zai fara da lissafin megafiksel, domin shi ne adadin da aka rubuta baro-baro a jikin kwali. Ba nan gizo yake saƙa ba. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato ɗan allon da ke cikin kyamara mai karɓar haske. A ƙananan kyamarori masu araha faɗinsa bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, tsayinsa kuma 4 da rabi. A masu tsada cikinsu, irin jerin Sony RX100 da aka fara a 2012, yana kai milimita 13.2 da 8.8. A yawancin marasa madubi na masu koyo kuwa ya kai wajen milimita 23 da 15, wato ya ninka na masu araha fiye da sau goma, ya kuma ninka na masu tsadar kusan sau uku. Kamar tarbar ruwan sama ne: wanda ya ajiye daro da wanda ya ajiye kofi, ruwa ɗaya ya sauka a kansu, amma ba abu ɗaya za su kwasa ba.

Da rana tsaka a filin idi, bambancin ba zai fito sosai ba, domin haske ya wadata. A cikin ɗaki ake gane shi. A ɗauki daren kai amarya: ɗaki ƙarami, taga ɗaya, ƙwan sola guda a rataye, jeren kwanuka da kabet suna ƙyalli, amarya ta lulluɓe da mayafi mai duhu, ƙawaye sun cika ko'ina ba mai tsayawa wuri ɗaya. Ƙaramar kyamara mai araha za ta harba filasha, fuskar ta gaba ta yi fari fat, na baya su nutse cikin duhu, zanen lallen da aka ɓata yini ana yi ya dagule. Marar madubi, musamman idan an ɗaura mata gilashi mai buɗaɗɗen ido irin na milimita 50 da ake rubuta wa f/1.8, za ta kama launin fata yadda yake, ta fito da zaren leshi, ta kuma dusar da bangon baya. Wannan dusashewar baya ita ce abin da mutane ke kallo su ce hoton ya yi kamar na situdiyo, kuma ita ce ke sa a sake kiran mai hoto a biki na gaba.

Sai maganar kuɗi, inda mutane da yawa suke yin zaton da ba haka ba. Ana ɗauka ƙarama ita ce mai sauƙi. Sony RX100 VII ta fito a 2019 a kan dala 1,200, Canon G7 X Mark III kuma dala 749, alhali Canon R100 da gilashinta ta fito a kan dala 599. A 'yan shekarun nan ma farashin wasu ƙananan ya ƙara tashi saboda masu TikTok da Instagram sun yi musu caa. Ƙananan da ake samu da arha kuwa, sensarsu ba ta yi wa ta wayar Tecno ko Infinix mai matsakaicin kuɗi wani nisa ba, ga shi wayar tana gyara hoto da kanta, tana kuma tura shi WhatsApp nan take.

Sai dai kuɗin marar madubi ba ya ƙarewa a ranar saye. Gilashin da take zuwa da shi, mai milimita 18 zuwa 45 ko 16 zuwa 50, ya isa hoton jama'a a ƙofar gida, amma ba zai jawo mahayi daga nesa a ranar hawan sallah a Rano ba. Wannan sai an sayi dogo, irin mai 55 zuwa 210. Ga jaka, ga memori, ga batir na biyu.

Akwai kuma abin da masu tallar kyamara a Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, amma a nan shi ne kan gaba: ƙura. Lokacin bukukuwa shi ne lokacin hunturu, hazo ya rufe duwatsun Rurum, kowane babur da ya wuce sai ya bar gajimaren ƙasa a bayansa. Duk sanda aka kwance gilashin marar madubi, sensarta a buɗe take, ba abin da ya kare ta. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar ɗigo a wuri ɗaya a kan kowane hoto, an fi ganinsa a sararin sama ko a kan farar shadda. Maganinsa mai sauƙi ne: a canza gilashi a cikin ɗaki ko mota, a kifa bakin kyamarar ƙasa, a mallaki ɗan famfon roba na hura iska. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga. Ta aljihu ma ba ta tsira ba. Gilashin nan mai shiga da fita yana zuƙar ƙura, kuma idan ta shiga ba mai fitar da ita sai an warware kyamarar gaba ɗaya. Idan tsakuwa ta maƙale a hanyarsa, gilashin ya ƙi fita, aiki ya tsaya sai an kai ta birni, kuma sau da yawa kuɗin gyara yakan kusa kuɗin wata.

Wuta ma abin lissafi ce. Duka biyun suna shan batir, domin allonsu a kunne yake koyaushe. Yawancinsu hoto ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari huɗu da ɗoriya suke yi kafin su nemi caji, biki guda kuwa yana iya cinye fiye da haka. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ya kamata mai saye ya tambaya ko kyamarar tana karɓar caji ta USB, yadda fawa bank ko sola za su wadatar. Sony ZV-E10 tana yi, Canon R100 ba ta yi, sai an cire batirin an saka a cajarsa. A ɗaya gefen kuma R100 tana da 'yar tagar da ake kanga ido a leƙa, ZV-E10 da Nikon Z30 ba su da ita. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kallon allo a ranar watan Afrilu ya san amfanin wannan taga.

Ta aljihu tana da nata filin, kuma bai kamata a raina shi ba. Mai hawa dutse, ko mai zuwa bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, don ɗaukar masunta da kwalekwalensu da tsuntsayen bakin ruwa, zai ji daɗin abin da zai zura a aljihun kaftani. RX100 VII ba ta wuce giram 302 ba, amma tana jawo nesa daga milimita 24 har 200 ba tare da an canza komai ba, abin da waya mai araha ba za ta iya ba sai ta farfasa hoton. Akwai ma irin su OM System TG-7 da aka rufe ruf, ƙura ba ta shiga, tana jure nitso har mita 15. Haka nan a cikin gida wajen mata, ranar kamu ko wankan amarya, inda namiji ba ya shiga, ƙaramar kyamara a hannun 'yar'uwa ba ta tsorata kowa, mutane sukan saki jiki. Ko da wacce aka shiga dai, neman izini kafin a ɗauki matar wani ko 'yar wani wajibi ne, haka ma kafin a ɗora a intanet.

Mafi yawan masu saye a nan ta hannu za su nema, a shagunan Kano irin na titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari. A nan a yi hattara da abu guda. Canon M50 da 'yan'uwanta masu harafin M suna da kyau, suna da arha, amma kamfanin ya daina yin wannan jeri, kuma gilashinsu ba ya hawa kan sababbin masu harafin R. Wanda ya saya ya sani cewa gilashin Canon na wannan jeri galibi sai dai na hannu. Kafin a biya kuɗi, a ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama a duba ɗigo, a haska gilashin da tocila a ga ko akwai tsaga ko fumfuna, a tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, a kuma tabbatar batirin na asali ne.

Saboda haka, matashin Rurum ko Kibiya da yake son kyamara ta zama sana'a, ya ɗauki biki, ya yi fasfo na 'yan makaranta, ya yi bidiyon walima, marar madubi ce tasa, ko da ta hannu ce, ya haɗa da batir biyu da famfon ƙura, daga baya ya ƙara gilashi mai milimita 50. Mai son ajiye tarihin iyali da tafiye-tafiye, idan yana da halin sayen ta aljihu mai babbar sensa ko mai jawo nesa, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda kuɗinsa bai wuce na ƙarama mai araha ba kuwa, gara ya riƙe wayarsa ya ci gaba da tari.