Babur Ɗin Ƙanƙara: Yadda Ake Ratsa Dajin Arewacin Duniya

Babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne da aka ƙera don tafiya a kan dusar ƙanƙara, inda mota ke nutsewa, ƙafar mutum kuma ke lumewa har gwiwa. A mazauni da kan tuƙi yana kama da babur ɗin da ke ɗauko buhunan citta daga ƙauyukan da ke kewaye da Madakiya zuwa Kafanchan, sai dai ba shi da taya ko ɗaya. A gaba yana da wasu dogayen alluna biyu masu zamiya, su ne ke juyawa idan an karkata kan tuƙi. A baya kuwa, ƙarƙashin mazauni, akwai faffaɗar sarƙar roba mai haƙora irin ta katafila, wadda inji ke juyawa tana tura shi gaba. Faɗin sarƙar ne sirrin abin: yana rarraba nauyin mahayi da kaya a kan wuri mai faɗi, don haka ba ya nutsewa. Ba shi da giyar da ake sauyawa da ƙafa. Wani bel ne ke daidaita gudu da kansa, mahayi kuma yana ba da wuta da babban yatsan hannun dama, ya kama birki da hannun hagu.

Larura ce ta haifi wannan na'ura. Joseph-Armand Bombardier makaniki ne a garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada. A lokacin sanyi na 1934 ƙaramin ɗansa ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko mara lafiya daga ƙauyen kan dutse a tsakiyar damina, hanya ta lalace, rafi ya cika, ya san irin wannan baƙin ciki. Bombardier ya duƙufa a kan aikin ƙera abin hawa na kan dusar ƙanƙara da ya riga ya fara, a 1937 ya fito da wata mota mai sarƙa da ake kira B7, mai ɗaukar mutum bakwai, wadda likitoci da limaman coci suka yi ta amfani da ita a karkara. Ƙaramin samfurin na mutum ɗaya ko biyu, mai suna Ski-Doo, ya shigo kasuwa a 1959. A daidai wannan zamani kamfanonin Polaris da Arctic Cat a jihar Minnesota ta Amurka suna ƙera nasu, daga baya Yamaha ta Japan ta shigo sahu.

Waɗanda abin ya fi sauya wa rayuwa su ne 'yan asalin yankunan sanyin. Mutanen Inuit na arewacin Kanada da Alaska sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tafiya da keken da karnuka ke ja. Cikin shekaru kaɗan babur ya karɓe yawancin wannan aiki: farauta, kamun kifi, ɗebo kaya, ziyarar dangi. Haka ma makiyayan Sami na arewacin Finlan da Norwe da Suwidin, masu kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, sun rungumi babur ɗin tun farkon shekarun 1960. Tafiyar kwana uku ta koma ta yini guda. Amma sauƙin ya zo da nasa kuɗin. Kare yana haihuwa, yana cin kifin da mai shi ya kamo. Babur kuwa sai fetur da kayan gyara daga kudu, da kuɗi a hannu. Wani masanin al'adu, Pertti Pelto, ya bi wannan sauyi a tsakanin Sami na Finlan, ya wallafa littafi a kansa a 1973, inda ya nuna yadda wasu ƙananan makiyaya suka kasa ɗaukar nauyin injin har suka fita daga sana'ar.

Tafiyar da ta tabbatar wa duniya ƙarfin wannan abin hawa ita ce ta Ralph Plaisted, wani dillalin inshora daga Minnesota. Shi da abokan tafiyarsa sun tashi daga tsibirin Ward Hunt a ƙarshen arewacin Kanada a watan Maris na 1968, suka hau kan daskararren teku, suka isa ƙuryar arewa ta duniya ranar 19 ga Afrilu. Wani jirgin sojan saman Amurka ya ratsa ta kansu ya tabbatar da wurin da suke. A yau kuma akwai gasar Iron Dog a Alaska, wadda aka fara a 1984, inda ake tseren fiye da kilomita 3,000. Doka ce a gasar a yi tafiyar bibbiyu, mahaya biyu da babura biyu, domin babu wanda ake bari ya shiga wannan daji shi kaɗai.

Yawon buɗe ido ya zama babbar sana'a a kan wannan babur. Lardin Kebek kaɗai yana da hanyoyin da aka ware masu tsawon fiye da kilomita 30,000, da alamomi da wuraren shan mai da masaukai, ƙungiyoyin sa-kai ne ke kula da yawancinsu. A Rovaniemi ta Finlan ana kai baƙi cikin dazuzzuka da dare don kallon wani koren haske da ke bayyana a samaniyar arewa. A tsibiran Svalbard na Norwe, inda rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, babu titin mota da ya haɗa gari da gari, don haka a lokacin sanyi babur ɗin ne hanya. Can dole ne duk mai fita bayan gari ya riƙe abin korar farin beyar, ƙatuwar dabbar da ke farauta a kan ƙanƙara, kuma jagorori sukan rataya bindiga.

Shirin tafiya shi ne rabin tafiyar. Sanyin hunturun da ke sa mutanen Kafanchan jin ɗumi da asuba a watan Janairu bai kai ya daskarar da ruwan randa ba. A waɗancan wurare sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, iskar gudu kuma ta ƙara masa kaifi, ta yadda fatar da aka bari a buɗe kan daskare cikin 'yan mintuna. Yatsu da hanci da kunnuwa ne ke fara mutuwa, wani lokaci har sai an yanke. Shi ya sa ake sa tufafi hawa-hawa, na ulu a ciki, mai tare iska a waje, ana kuma gudun auduga domin tana riƙe gumi, gumin ya huce a jiki. Ana jan ƙaramin keke a baya ɗauke da jarkokin mai, tanti, risho, shebur, igiya, gatari, da bel na ajiya, tunda shi ne ya fi yawan tsinkewa. Inda babu sabis na waya, ana tafiya da wayar tauraron ɗan'adam, a kuma bar wa wani a gida bayanin hanyar da za a bi da ranar dawowa.

Haɗarin da ya fi ban tsoro yana ƙarƙashin ƙafa. Koguna da tafkunan da suka daskare su ne hanyoyi mafi santsi da sauri, amma kaurin ƙanƙarar ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda ruwa ke gudu a ƙasa takan yi siriri ba tare da ido ya gane ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana ba da shawarar kada a hau da babur sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai kaurin inci 5 zuwa 7. A cikin duwatsu kuma akwai zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda nauyin babur ɗin kansa kan tayar, ta binne mutum nan take. Gudun wuce sa'a da shan giya da tuƙin dare suna cikin manyan dalilan mutuwa, kamar dai a kan kowace hanya.

Akwai kuma ɓarnar da injin ke yi. Ƙararsa tana firgita namun daji a lokacin da suke tattalin ɗan ƙarfin da ya rage musu, tsofaffin injuna kuma suna hayaƙi sosai. Saboda haka gandun dajin Yellowstone na Amurka ya ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana da irin injin da aka yarda da shi. Babbar damuwar mafarautan Inuit a yanzu ita ce ɗumamar yanayi: teku yana jinkirin daskarewa, yana saurin narkewa, kuma hanyoyin da kakanni suka san amincinsu sun fara ruftawa da mutane a watannin da a da ake bin su ba fargaba.