Me Ya Haɗa Babban Banki da Ambaliya?

Aikin babban banki a yawancin ƙasashe shi ne ya tsare darajar kuɗi, ya hana farashi yin tashin gwauron zabi, ya kuma sa ido kan bankunan kasuwanci kada su durƙushe da ajiyar jama'a. Sauyin yanayi ya taɓa dukkan waɗannan. Shi ya sa a Disamban 2017 manyan bankuna da hukumomin sa ido guda takwas, ciki har da na Ingila da Faransa da Sin, suka kafa ƙungiyar NGFS a birnin Paris don nazarin haɗarin. Yau mambobinta sun haura ɗari, ko da yake babban bankin Amurka ya fice a Janairun 2025.

A fara da kasuwar hatsi. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, ta shafe gonaki daga Jigawa har Kogi da Anambra. Duk shinkafar da ta nutse a fadama, a farashin buhu ake ganin ta a kasuwar Dawanau. Kuma abinci ne ke cinye mafi yawan abin da talaka ke samu. Babban makamin da babban bankin Najeriya, CBN, ke da shi kan hauhawar farashi shi ne ƙara kuɗin ruwa, kuma a 2024 ya ɗaga shi daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. Gaskiya ba ambaliya kaɗai ta jawo tsadar shekarar 2024 ba. Akwai cire tallafin fetur, da faɗuwar naira, da rashin tsaro a ƙauyuka. Amma ga inda gizo ke saƙa: ƙarin kuɗin ruwa yana maganin kuɗi da suka yi yawa a hannun mutane, ba ya dawo da amfanin gonar da ruwa ya tafi da shi. Sai ma ya sa rance ya yi tsada ga manomin da ke neman jarin noman rani.

Sai batun bashi. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri har cikin Kasuwar Monday. Ɗan kasuwar da ya sari kaya da kuɗin banki ya rasa kayan, bashin kuwa yana nan a wuyansa. Banki ya saba da mutum ɗaya ko biyu su kasa biya. Abin da yake tsoro shi ne gari guda ya kasa biya a rana ɗaya, gidajen da aka ba shi jingina su ma suna cikin ruwa. Inshora ce ya kamata ta ɗauki asarar, amma ita ma tana ja da baya: a 2023 kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sabbin gidaje a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya kafa hujja da gobarar daji da tsadar gini.

Haɗari na uku a hankali yake tahowa. Mafi yawan dalar da ke shigowa Najeriya daga ɗanyen mai da iskar gas take, kuma bankunanmu sun zuba rance mai yawa a wannan harkar. Masu sayen man kuwa suna neman mafita. A Norway yawancin sababbin motoci masu lantarki ne. Ranar da cinikin mai ya ja baya, naira da kasafin gwamnati da bankuna tare za su ji a jikinsu.

Bankin Ingila a 2021 da Babban Bankin Turai a 2022 sun gwada bankunansu a lissafi, don a ga ko za su iya jure irin wannan asara. Ya kamata CBN ya yi wa namu haka, ya kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Kai kuma mai shirin cin bashin noma, duba hasashen damina na hukumar NiMet, ka tambayi banki ko rancen yana da inshorar noma ta NAIC kafin ka sa hannu.