Abin da ya sa kuɗi kaɗai ba sa sayen agogon Rolex

Attajiri na iya shiga shagon amintaccen dillalin Rolex a Dubai ya fito hannu rabbana. Daytona da ke cikin gilashi na nuni ne kawai. Sai a rubuta sunansa ya jira, wani lokaci shekaru.

Kamfanin ne ke ƙayyade kason kowane dillali, shi kuwa dillali tsofaffin abokan cinikinsa yake fifitawa. Wanda ya ƙosa sai ya nufi masu sayar da na hannu, inda farashi kan zarce na shago, ga haɗarin jabu.

A 2023 Rolex ya sanar da sayen Bucherer, dillali mai shaguna sama da 100. Hankalin sauran dillalai ya tashi: mai ba su kaya ya zama kishiyarsu a kasuwa.