An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Mai Fatsa da Kifin Tekun Pasifik

A watan Afrilun 2025 majalisar da ke tsara harkar su a gaɓar yammacin Amurka ta sake rufe kamun kifin salmon na kasuwa a tekun Kaliforniya, shekara ta uku ke nan a jere. Masu kamu don nishaɗi, waɗanda su ma aka zaunar da su gida a 2023 da 2024, sai aka ɗan sassauta musu da 'yan kwanaki ƙalilan, aka fara da kwana biyu a watan Yuni. Da labarin ya iso nan gida, fassara biyu aka yi masa. Wasu suka ce wahalar masu ƙoshi ce, mutum ya ci ya sha sannan ya zauna yana kukan an hana shi wasa da fatsa. Masu ɗan nazari kuma suka gyaɗa kai suka ce ai dama, idan kowa ya sayi ƙaramin jirgi ya faɗa teku, kifi zai ƙare. Fassara ta farko raha ce, ba ta cutar da kowa. Ta biyun ce ke damuna, domin tana da kamar hankali, alhali ta bar mai laifi ta kama wanda ya fi sauƙin kamawa.

Kifi biyu ne ke fitar da waɗannan mutane da asuba, daga Kaliforniya har Alaska. Salmon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekara biyu zuwa huɗu ko fiye yana ƙiba, sannan ya komo kogin da ya fito, ya zuba ƙwai a cikin tsakuwa, ya mutu. Babban cikinsu shi ne cinuk, kuma shi ne ake rigima a kansa. Halibut kuwa shimfiɗaɗɗen kifi ne mai kwanciya a ƙasan teku, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Matan ne ke yin girma. Wadda aka kama da fatsa a Alaska a 1996 ta kai kilo 208.

Kamun halibut aikin ƙarfi ne. Ana ɗaura darma mai nauyin kilo guda ko fiye, a soka ɗan kifi a ƙugiya, a jira lokacin da ruwa ya lafa tsakanin cika da janyewa, a saki zare har darmar ta daki ƙasa. Idan babba ta ci koto, mutum zai yi ta ja har kafaɗunsa su sage. Kuma ba a jefa ta cikin jirgi da ranta, don bugu ɗaya da jela na iya karya ƙafar mutum; sai an soke ta da mashi tun tana ruwa, a Alaska har bindiga wasu ke sa mata. Shi kuwa salmon jan koto ake yi masa a bayan jirgi, inji na tafiya a hankali, wata dunƙulalliyar darma a jikin waya tana riƙe zaren a zurfin da ake so.

Yanzu a dubi irin takunkumin da ke wuyan wannan mai fatsa. A tekun Kaliforniya doka ta hana shi amfani da ƙugiya mai ƙaya idan salmon yake nema, don kifin da bai kai girma ba ya sulluɓe ba tare da an yage masa baki ba. A wurare da dama na jihar Washinton, kafin ya ɗaga kifi sai ya leƙa bayansa: akwai wata 'yar tsoka kusa da jela wadda ake yanke wa kifin da aka raina a gidan ƙyanƙyasa. In babu ita, halal ne ya tafi da shi. In tana nan, ɗan kogi ne, sai ya sake shi. Da ya dawo gaɓa akwai ma'aikaci a tsaye da littafi, ya ƙirga, ya auna, wani lokaci ya yanke kan kifin ya jefa a leda, saboda a cikin hancinsa akwai ɗan guntun waya mai lamba da ke nuna inda aka raine shi da shekarar da aka sake shi. Mutumin da ake bi da ƙirge har haka, ta yaya zai ƙarar da kifi a ɓoye?

Kifin da bai dawo ba a 2023 tun yana ƙwai ya mutu, wajen 2020, ɗaruruwan kilomita daga teku. Madatsar Shasta, da aka kammala a 1945 a kan kogin Sakramento, ta tare wa salmon hanyar zuwa ƙoramun duwatsu masu sanyi. Ya koma zuba ƙwai a ƙasan madatsar, rayuwarsa ta rataya a kan ruwan sanyin da masu riƙe da famfo suka ga damar sakewa. Ƙwan salmon yana fara mutuwa idan zafin ruwa ya wuce digiri 12 zuwa 13. Aka yi fari daga 2020 zuwa 2022, ruwan sanyin ya ƙaranta, gonaki kuma ba su daina neman nasu kaso ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da jama'ar Kaliforniya ke amfani da shi noman ban-ruwa ne ke shanye shi, kuma jihar ce ke noma mafi yawan almon ɗin da duniya ke ci. Abin ya kai ga ana loda 'ya'yan kifi a tankokin mota ana kai su bakin teku, saboda kogin kansa ya zama ajalinsu. Teku ma tana da nata laifin, ɗumamar ruwa na rage abincin kifi, ba na musu. Amma ɗumamar teku ba a hannun wani darakta take ba. Famfon Shasta kuwa a hannun mutane yake.

Akwai waɗanda suka daɗe suna faɗin wannan magana, sakamakonsu kulki ne da gidan yari, kuma rahotannin da na gani ko ambatonsu ba su yi ba. A 1854 da 1855 gwamnan yankin Washinton, Isaac Stevens, ya ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilun 'yan asalin ƙasar, irin su Nisqually da Puyallup da Makah. Suka sallama ƙasa mai faɗin gaske, suka riƙe abu ɗaya da ba su yarda a taɓa ba: haƙƙin su a wuraren da kakanninsu suka saba. Baƙi suka cika ƙasar, aka kafa masana'antun zuba kifi a gwangwani, aka sare dazuzzukan da ke yi wa ƙoramu inuwa, aka daddatse koguna. Madatsar Grand Coulee a kan kogin Kolambiya an gina ta ba tare da an bar wa kifi mahaura ba. A ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya haɗiye Celilo, wurin kamun kifi da kasuwarsa da ƙabilu suka yi dubban shekaru suna haɗuwa a cikinta. Da kifi ya ragu, wa aka nuna da yatsa? Ɗan asalin ƙasa mai kwale-kwale da koma. A nan masu fatsar nishaɗi ba su da hannu mai tsabta: ƙungiyoyinsu na cikin masu zuga jami'an jihar Washinton a kan waɗannan mutane.

Billy Frank Jr., ɗan ƙabilar Nisqually, yana da shekara 14 aka fara kama shi a 1945 a kan ya kama kifi a kogin gidansu. An kama shi fiye da sau 50. A shekarun 1960 ƙabilun suka mai da su ɗin kansa zanga-zanga: su shiga ruwa da rana tsaka, su baza koma a gaban jami'ai, a ƙwace jirgi, a yanka koma, gobe su komo. Ɗan wasan fim Marlon Brando ya shiga cikinsu a 1964, shi ma aka kama shi a kogin Puyallup. A Satumban 1970 'yan sanda suka far wa sansaninsu a Tacoma da barkonon tsohuwa, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta maka jihar a kotu. Ranar 12 ga Fabrairun 1974 alƙali George Boldt, mutumin da ba wanda ya san shi da sassauci, ya yanke cewa yarjejeniyar tana nan daram, kuma ƙabilun na da haƙƙin rabin kifin da ya halatta a kama, su ne kuma abokan jihar wajen tsara harkar. Kafin nan abin da suke samu bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Masunta fararen fata suka rataye mutum-mutumin alƙalin, jihar ta yi ta jan ƙafa, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1979.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Mutanen da aka ce su za su ƙarar da kifi su ne suka koma kotu suka ce rabin babu ai babu ne, haƙƙin su ba shi da amfani idan an kashe kogi. Suka yi ƙarar jihar a kan kwalbatocin da ke ƙarƙashin tituna suna tare wa kifi hanya, a 2013 kotu ta ba jihar wa'adi zuwa 2030 ta gyara, a 2018 Kotun Ƙoli ta bar hukuncin yadda yake. A kogin Klamath kuwa, bayan an karkatar da ruwa zuwa gonaki, fiye da manyan salmon 30,000 suka mutu a Satumban 2002, gaɓa ta yi ta wari. Ƙabilun Yurok da Karuk suka bi masu kamfanin da ya mallaki madatsun kogin har Sukotlan, da kamfanin ya canza hannu suka bi sababbin masu shi zuwa Omaha, wajen taron masu hannun jarin Warren Buffett. Shekara ashirin suna wannan naci. A Oktoban 2024 aka gama rushe madatsu huɗu, kafin watan ya fita aka ga cinuk a ɓangaren jihar Oregon na kogin, karo na farko cikin fiye da shekara ɗari. Duk kifin da ya ƙaru daga wannan aiki, ƙugiyar mai fatsar nishaɗi ma zai ci, shi da kakanninsa suka yi wa alƙali Boldt ihu.

Ba sai mun yi dariyar nesa ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Duk da haka, da an zauna taro a kan ƙarancin kifi, maganar ba ta wuce masunta na amfani da taru mai ƙananan idanu ba. Gaskiya ne wasu na yi, a hana su. Amma jami'an da ke riƙe da ƙofofin madatsun nan, yaushe za su fito su gaya wa jama'a ruwa nawa suke saki, a wane wata, kuma wa suka shawarta a ƙasan kogi? Wannan tambaya ba ta buƙatar kwamiti.

Halibut bai san kogi ba, madatsa ba ta shafe shi, amma rabonsa bai tsira daga irin wannan son kai ba. Tun 1923 Amurka da Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar kare shi, ita ce ma ta farko da Kanada ta sa wa hannu ita kaɗai ba tare da Ingila ba, hukumar da aka kafa kuma har yau ita ke ƙayyade abin da za a kama kowace shekara. Tun shekarun 1980 kifin ke tsumburewa, mai shekara goma sha biyu a yau bai kai nauyin sa'ansa na wancan lokaci ba. Aka matsa wa ƙananan jirage: a kudu maso gabashin Alaska wanda ya yi hayar jirgi da jagora kifi ɗaya aka yarje masa a rana, shi ma sai an gwada tsawonsa, wasu ranakun mako kuma a rufe gaba ɗaya. A can tekun Bering kuwa manyan jirage masu jan taru a ƙasan ruwa, suna neman wasu kifayen dabam, suna kwaso ƙananan halibut tuli. Doka ta hana su sayarwa, sai su watsa su teku, da yawa matattu. A wasu shekarun bayan 2010, abin da aka zubar ta wannan hanya ya fi abin da aka yarje wa masu kamun halibut na yankin su kama, cikinsu har da mutanen tsibirin Saint Paul, 'yan ƙabilar Unangan, waɗanda ƙananan jiragen halibut ne abincinsu. Sai a 2024 aka fara aiki da dokar da ke rage wa manyan jiragen wannan kaso idan kifin ya ƙaranta, kuma tun kafin ta fara aiki kamfanonin suka garzaya kotu.